Zaman Makoki a Kan Yadin Kawu

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu kama hanya. Ya rasu cikin tsakiyar sanyin da ya wuce a nan Alƙahira, bayan 'yar gajeruwar jinya. Muka kai shi makwancinsa a ƙasar da ya zo yana saurayi da niyyar ya yi karatu ya koma gida, ya ƙare da furfura har a gira.

An yi zaman makoki a gidansa na unguwar Ard al-Liwa, kuma ban ga wanda ya zo gaisuwa ya sauka benen nan ba tare da tambaya a bakinsa ba. Inna, matar Kawu, Bahaushiyar Sudan ce, siririya kamar mazari, amma muryarta ta ishi unguwa. Tana bayan labule kamar yadda ya dace da mai takaba, sai dai idonta na kan ƙofa. Da baƙo ya yi sallama za ta leƙo ta auna shi daga sama har ƙasa, ta kira ni.

"Wancan mai tumbin, ɗan kasuwar Ataba, kai shi kan benci."

"Inna, tare da limamin ɗalibai suka shigo. Shi ya kamata a ba wurin zama."

"Wannan? Ai iska ta fi shi nauyi. Shimfiɗa masa tabarma ya yi addu'arsa daga ƙasa. Yalla, ya zol, yi maza!"

Haka aka wuni. Manyan malamai masu rawani suna tanƙwashe a ƙasa, 'yan kasuwa masu ƙiba suna jere a sama kamar an kira su ɗaurin aure. Liman ya ja ni gefe ya tambaye ni cikin ladabi ko al'adar mutanen Sudan ce. Wani ɗalibin hadisi da ya zo daga unguwar ɗalibai ta Madinat Nasr ya ce shi dai bai san asalin wannan a littafi ba, amma zai bincika. Wani attajirin Damagaram, bayan ya zauna tun hantsi har ƙafarsa ta mutu, ya yunƙura zai tashi, sai aka ji murya daga bayan labule: "Ina za shi? A ƙaro masa shayi." Mutumin ya koma ya zauna. Mai gadin bene kaɗai, Bamisire, ya gane abin da ake ciki. Ya tsaya a bakin ƙofa yana share hawaye da hannun riga, yana dariya, yana cewa Allah Ya jiƙan Sheikh, ko a mutuwarsa sai da ya sa mutane aiki.

Da yawa daga masu gaisuwar abin da suka iya faɗa a kansa bai wuce "mutumin kirki ne" da "dattijon nan mai yamutsattsiyar riga" ba. Abin ya ba ni haushi. Mutumin kirki ne, gaskiya, rigar ma gaskiya ce. Amma in wannan kaɗai za a riƙe, an binne shi sau biyu. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Bencin nan ba benci ba ne. Ƙyauren ƙofa ne guda biyu, ɗaya a kan ɗaya, an ɗora su kan bulo an lulluɓe da darduma. A tsakaninsu akwai yadin ƙarshe da Kawu ya saƙa, an yayyafa masa ruwa an ninke shi. Abin da Kawu ya nema duk tsawon zamansa a Masar shi ne ya ɗaga ƙyauren nan wata rana ya ga ruwa ya fito a jikin yadi. Bai gani ba har ya koma ga Allah, in ka cire sau ɗaya, wanda zan zo kansa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, gidanmu kuma gidan masaƙa ne tun kakanni. Shi aka zaɓa ya fita daga saƙa ya zama malami, aka yi masa rakiya har tasha da kuka da addu'a. A ɗakin ɗalibai ya haɗu da wani Baturke, suka shaƙu, da hutu ya zo abokin ya ja shi ƙauyensu a yankin Ankara. Kakan abokin yana cikin 'yan tsirarun tsofaffin da suka rage suna saƙa da gashin akuyar ƙasar. Kawu ya ji ƙarar ƙoshiyar saƙa daga can ƙuryar gidan, jinin gado ya motsa, ya leƙa. Hutun da aka je yi na 'yan makonni sai da ya ci shekaru. Kafin ya dawo Alƙahira an daɗe da manta sunansa a makaranta, gida kuwa kunya ta hana shi komawa ba takarda. Ya zama tafintan 'yan kasuwarmu a Ataba da rana, da yamma ya hau masaƙarsa.

In ka kuskura ka tambaye shi labarin akuyar nan, to ka sallami sauran ayyukanka na ranar. Fara ce sol, in ji shi, gashinta na zubowa a nannaɗe har ƙasa yana sheƙi. Turkawa na kiran gashin tiftik, yadin da ake saƙawa da shi kuma sof. A wanke gashin, a taje shi, mata su kaɗa shi da mazari har ya yi sirantar da ido ke wahalar gani, maza su saƙa, a rina. Alƙalai da manyan malaman ƙasar shi suke sawa, fatake kuma su kai shi har ƙasashen Turai. Sarakunan Istanbul sun daɗe suna hana a fitar da akuyar da rai, har dai daga baya Turawa suka samu suka kai ta Afirka ta Kudu, injuna suka karɓe aikin, masaƙun Ankara suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. In ya zo nan a labarin sai ya ɓata rai kamar akuyar gidanmu aka sace.

Amma duk wannan share fage ne. Darajar sof tana ga matakin ƙarshe. A jiƙa yadin kaɗan, a ninke, a sa shi a wata babbar matsa ta katako a danne. In an dace, da an buɗe sai ka ga wani zane ya fito kamar yadda iska ke bi ta kan tafki. Ba rini ba ne, ba saƙa ba ce, yatsa ba ya jin sa, amma in ka karkata yadin ga haske sai ka ga yana motsi. Shi Kawu ke kira ruwa. Tsohon da ya koya masa ya ba shi wani ɗan ƙyalle mai ruwan a jiki, wanda yake nuna wa baƙo daga nesa, ba ya bari a taɓa. Saƙa kam ya iya, gashin kuma 'yan kasuwarmu masu bi ta Istanbul suna kawo masa. Matsar ce babu. Ɗaki biyu da falo a saman bene, ina za ka kafa abin da sai ƙarti sun taru suke juya shi?

Daga nan aka shiga neman nauyi, kuma nan ne ni na samu shiga. Ranar da na sauka Alƙahira, na zo karatu kamar yadda ya zo, Kawu ya tare ni a filin jirgi. Ya dube ni, ya zagaya ta bayana ya sake dubawa, fuskarsa ta cika da fara'a.

"Masha Allah. Ƙanwata ta iya kiwo."

Na ɗauka son jini ne. Shekaru na yi ina taƙama a dangi cewa duk cikin 'ya'yan 'yan uwansa ni Kawu ya fi so. Kowace Juma'a a kira ni cin abinci, a ba ni wurin zama mafi daraja, a cika mini kwano, in na ce na ƙoshi a ƙara.

"Ci, ɗan nan. Karatu ba ya shiga ramammen mutum."

"Kawu, zan ɗan miƙe in wanke hannu."

"Zauna! A kawo masa ruwan nan inda yake."

Shekarar da na yi ciwon ciki na zube, wallahi ya fi uwata damuwa. Ya zo duba ni asibiti ya tsaya yana kallon wuyana, ya girgiza kai ya ce, "An yi asara." Ban tambaye shi asarar wa ba.

Ba mutane kaɗai ya gwada ba. Ya jera tukwanen gas na duk benen, har maƙwabta suka kwana ba girki. Ya ari littattafan nahawu na ɗalibai buhu-buhu, ya ce a duk fannonin da ya karanta bai ga wanda ya kai shi danne mutum ba. Ya taɓa lallashin wani direban ƙaramar bas ya ajiye tayarsa a kan ƙyauren a ƙasan bene. Da gari ya waye direban ya manta, ya ja motarsa, aka tsinci yadin a bakin titi da tabon baƙin mai. Akwai ma shekarar da ya ce ƙila gashin ne ke gajiya a hanya, ya sayo akuyar Masar ya ɗaure a saman rufi, yana yi mata wanka da sabulun gashi na mata yana taje ta, wai ko za ta gyaru. Akuyar ba ta gyaru ba, sai dai ta fi kowa ƙamshi a unguwar. Inna ta jira Babbar Salla ta raba gardama.

Duk wanda ya ba shi shawarar ya kai yadin a buga masa kamar yadda ake buga shadda a Kano, ya gama cin abincin gidan. "Bugu sheƙi yake bayarwa," zai ce. "Ni ruwa nake nema. Tashi, ma'alish, yi haƙuri ka ba mai hankali wuri." Sai dai in mai shawarar ƙaƙƙarfa ne, to shi ana yi masa uzuri.

Yanzu sai maganar sau ɗayan nan. Ban zo ba tukuna a lokacin, daga bakin 'yarsu na ji, kuma Inna ba ta taɓa musawa ba. Wata shekara, ba wanda ya san dalili, ruwan ya fito. Kawu ya ɗaga ƙyaure da safe ya gan shi kwance a rabin yadin. Ya rasa inda zai sa kansa. Ya shimfiɗa shi a kan gado, ya fita da silifa wari-wari zuwa Ataba ya kirawo abokansa su zo su shaida, bai tsaya ya gaya wa kowa a gidan ba. Inna ta shigo gyaran ɗaki ta ga yadi duk ya yi wani tabo-tabo kamar ruwa ya zuba ya bushe. Ta ce kai, baƙi za su zo su ga wannan ƙazanta a gidana? Ta naɗe shi ta kai wa mai gugan ƙasan bene, irin tsofaffin nan masu danna dutsen guga da ƙafa, su guntsi ruwa su fesa da baki. Mutumin ya yi aikinsa tsakani da Allah. Kafin Kawu ya dawo da ayarinsa, yadi na kan gado sumul, ko ɗigon tabo babu, Inna na tsaye tana jiran yabo.

'Yarsu ta ce bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya dubi yadin, ya dubi abokansa, ya ce, "A kawo musu shayi." Shi ke nan. Bai sake ta da maganar ba har ya mutu. Amma daga ranar bai sake sa tufa mai guga ba. Salla, ɗaurin aure, zuwa ofishin jakadanci, haka zai fita kamar an ciro shi daga buhu. In mai gugan ya yi masa sallama zai amsa cikakkiya, har da wa barakatuhu, amma yana kallon wancan gefen titi.

Ita kuma Inna ta ɗauki nata fushin. Ta ce mutum ya fita bai ce uffan ba, sannan a ɗora mata laifi da shiru? Ta rantse ba ita ba bencin nan. Ko falon ya cika maƙil, gara ta tsaya. In ya ce, "Zo ki ɗan zauna nan mana," sai ta ce, "Ni ba dutse ba ce. Khalas, magana ta ƙare." Haka suka tsufa tare, suna son juna, suna ci a kwano ɗaya, da ƙyauren ƙofa biyu a tsakaninsu. Ni na san abin yana cin ta. Na sha ganin ta tsaya cak a bakin kicin ranar da zai buɗe matsa, ludayi a hannu, ba ta numfashi sai ta ji ya ce, "Bai fito ba."

Kuma kullum bai fito ba ne. Sai ya naɗe yadin ya sa a hammata ya hau bas zuwa Madinat Nasr. Ɗalibanmu sababbin zuwa ba wanda ke gaya musu cewa Masar na da sanyi, suna jin sahara sai su taho da 'yan riguna shara-shara. Kawu zai bi ɗakunansu ya nemo wanda ya fi kowa karkarwa, ya jefa masa.

"Ungo. Ya lalace."

"Baba, wannan ai ya fi ƙarfina. Nawa ne?"

"Na ce maka ya lalace. Ka taimake ni ka raba ni da shi."

Aikin watanni ke nan, da gashin da aka ɗauko daga wata ƙasa. A zaman makokin na ga manyan mutane, wasu yanzu su ke koyarwa, sun shigo da lalatattun yadukan Kawu a kafaɗa, wasu sun koɗe don tsufa. Ba wanda ya haɗa baki da wani. A nan ne na fita baranda na yi kukana, don in na yi a kan benci Inna za ta ce ina girgiza mata aiki.

Yadin ƙarshe ya sa shi a matsa ana saura 'yan kwanaki ciwon ya kwantar da shi. Na je duba shi, ya kama hannuna, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ɗan nan, na yi wani tunani. Ranar da na mutu, duk masu tumbin Ataba za su hau benen nan."

"Haba Kawu, daina wannan magana."

"Ka tsaya ka ji. Nauyin da nake nema tun ina saurayi, ranar zai zo da ƙafarsa, kyauta. Abin haushin, ni kaɗai ne ba za a nuna wa ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Inna na bakin ƙofa da kofin magani, ta ce masa ya rufe baki ya sha. Ban san ta riƙe maganar ba sai da na ji ta tana rarraba masu gaisuwa.

Ranar addu'ar uku, kafin a watse, labari ya riga ya zaga. Kowa ya ƙi tafiya. Attajirin Damagaram ya ce shi ya zuba jari da ƙugunsa, sai ya ga riba. Har ɗalibin hadisin nan ya matso gaba. Muka ɗaga ƙyauren, na warware yadin a gaban taga, na karkata shi dama, na karkata hagu. Yadi ne mai kyau, shuɗi, mai laushi. Ruwa kam babu. Aka yi ta ma'alish, ma'alish, liman ya yi gajeruwar nasiha a kan ƙaddara, jama'a suka sauka.

Da falon ya rage daga ni sai 'yarsu, Inna ta fito. Ta karɓi yadin, ta ɗebo ruwa a kwano ta yayyafa da yatsu, ta ninke shi daidai yadda yake ninkewa, ta ce mu mayar da ƙyauren. Ta gyara dardumar. Sannan ta juya ta zauna a kai.

Na ce, "Inna, ƙartin Ataba sun kasa. Ke ko tukunyar gas ba ki kai ba."

"Ƙartin Ataba suna zama suna tashi, wannan ya je fitsari, wancan ya je amsa waya. Kawunka kuma bai taɓa iya haƙurin mako guda bai leƙa ba. Ni ina za ni? Takaba nake."

A kan ƙyauren nan ta yi takabarta. A nan take cin abinci, a nan take jan carbi, a nan take karɓar mata masu zuwa gaisuwa, salla da barci kaɗai ke ta da ita. Duk yammar da na samu sarari nakan je in ba da gudummawar da Allah Ya hore mini, ni a wannan ƙarshen, ita a wancan, 'yarta a tsakiya. Ba na ɓoye muku, tsoro nake ji. Na ce yadin da aka rufe da danshi tsawon watanni, in bai yi fumfuna ba asu ya cinye shi, kuma tsohuwar nan ba za ta iya ɗaukar lalata masa yadi karo na biyu ba. Na roƙe ta mu ɗan leƙa. Ta ce jinin gidanku ne, ba ku da haƙuri.

Ranar da ta fita takaba zafi ya riga ya shigo. Ta yi wanka ta canza kaya, ta aika a kira ni da hantsi. Mu uku ne kawai, ni da ita da 'yarsu. Muka ɗaga ƙyauren, wani warin daɗewa ya taso. Na warware yadin a hankali. Ɓangaren da nake zama, ni da duk ƙibata, babu komai. Tsakiya babu komai. Sai can ƙarshen, wajen da take zama, da na karkata shi ga taga, wani abu ya motsa. Faɗinsa bai fi faifai ba. Layi-layi ne masu lanƙwasa, suna bin juna, in ka ɗaga hannu su gudu, in ka sauke su dawo.

'Yarsu ta toshe baki. Na ce bari in ɗauko ɗan ƙyallen Ankara mu gwada mu gani ko shi ne.

"Bar shi," in ji Inna. "Na san shi. Na taɓa ganinsa sau ɗaya."

Ta karɓi yadin da hannu biyu, ta wuce mu zuwa lungun da masaƙarsa take, ta shimfiɗa shi a kan kujerar da yake zama, ɓangaren ruwan yana sama. Ta daɗe a tsaye tana kallo. Sannan ta yi magana a hankali, da irin muryar da ban taɓa jin ta da ita ba.

"Malam, ga abinka na mayar maka."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya kuma kai masa labari.